Maigida da Yaronsa: Yadda Ake Renon Mutum a Harkar Kasuwanci



Akwai kuka iri biyu da ke tashi a manyan garuruwanmu a wannan zamani, waɗanda in mutum ya saurare su daban-daban sai ya zaci daga ƙasashe biyu suke fitowa, alhali kuwa daga unguwa ɗaya ne, wani lokaci ma daga zaure ɗaya. Samari da suka ƙare makaranta, suka yi bautar ƙasa, suka adana takardun shaidarsu a cikin leda don kada gara ta taɓa su, kukansu shi ne babu aiki. Attajirai kuma, a Kantin Kwari da Singa da Dawanau, da takwarorinsu na Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, in ka zauna da su bayan la'asar hira ta yi nisa, abin da za ka ji shi ne babu yara. Wani zai ce maka da yana da wanda zai riƙe masa, da tuni ya buɗe shago na uku, amma wa zai ba? Ga mai neman aiki, ga mai neman ma'aikaci, kowa na kallon ɗan'uwansa, an rasa abin da zai haɗa su. Abin da ya ɓace a tsakaninsu wani fanni ne na ilimi mai zaman kansa, wato sanin yadda ake zaɓen mutum, a gwada shi, a horar da shi, a ɗora masa nauyi daidai ƙarfinsa, sa'an nan a sake shi lokacin da ya isa saki. Manyan kamfanoni na zamani sun keɓe wa wannan fanni ofishi da ma'aikata da albashi mai tsoka. Kakanninmu kuwa sun san shi tun ba a zo da ofis ba, kuma a kansa suka gina fataucin da ya kai sunan Hausa har bakin teku.

Mu duba ayarin Gwanja. A ƙarni na 19 fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Jega, da baƙin rini da kanwa da jar fata da dabbobi, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi har su sauka Salaga, inda ake samun goron ƙasar Asante. Tafiya ce ta watanni, zuwa da dawowa kan cinye mafi yawan shekara, ayari guda kuma yakan tara mutum dubu ko fiye, ban da jakuna. Taro irin wannan, da dukiya irin wannan, a cikin dajin da ba sarkinka ke iko da shi ba, ba ya tafiya da ka. Akwai madugu, wanda maganarsa ita ce yanke, shi ke shiga gaban sarakunan hanya a daidaita kuɗin fito da gaisuwa; akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da mashaya da wurin zango; akwai uban dawaki da ke tattara abin da ya hau kan kowane falke; akwai malamin ayari mai alƙalami, wanda ke riƙe lissafi, ya ja salla, ya raba gardama. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya wayi gari ya tsinci kansa a muƙaminsa. Wanda ya zama madugu ya fara ne da kora jaki da ɗaurin kaya, ya sha rana ya sha raɓa, ya koyi harsunan mutanen hanya, ya san mashigin da ke cika da damina da sarkin da ba ya cika alkawari, har manya suka ga hankalinsa a ranar tsoro da kuma hannunsa a ranar rabo, sa'an nan suka yarda su bi bayansa da dukiyarsu da rayukansu. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka fi shahara a wannan fatauci, da haka suka riƙa miƙa shi daga uba zuwa ɗa, daga maigida zuwa yaro.

A can zango kuma wani tsarin ne ke jiran baƙo. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin cinikin shanu da goro, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa kuwa shi ne yadda falke zai kawo shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigida, a sayar wa mahauta Yarbawa bashi, ba takarda ba kotu, kuɗi kuma su fito a kan lokaci, domin maigidan ne ya tsaya lamuni, kuma yana da yara da dillalai waɗanda aikinsu shi ne sanin halin kowane mahauci, da wanda ya biya jiya da wanda ya fara karyewa. Dukiyar maigida ta haƙiƙa a nan ita ce mutanen da ya rena da sunan da ya yi. In waɗannan suka zube, ɗakunan saukar baƙi ba za su tsare shi ba.

To yaya ake renon? Duk wanda ya tashi a gidan kasuwanci ya san matakan, ko da ba a taɓa rubuta su ba. Yaro kan fara da shara da aike, kuma aiken nan jarrabawa ce da ba a gaya masa ana yi ba: a ba shi kuɗi da ɗan rara a kai, a ga ko canji zai dawo, a aike shi wuri mai nisa, a ga ko zai tsaya kallon dambe a hanya. In ya tsallake wannan sai a bar shi da jiran shago, ya koyi awo da taya da sallama, ya koyi karanta fuskar mai ciniki, ya san wanda ya zo saye da wanda ya zo jin farashi. Daga nan a fara haɗa shi da kaya zuwa wani gari tare da babba, daga baya shi kaɗai. In amana ta tabbata, maigida ya yi masa aure, ya ba shi ɗaki, ya ware masa jari a ce je ka juya, riba mu raba. A ƙarshe, in Allah ya sa maigidan mai adalci ne, ya sallame shi ya tsaya da ƙafarsa, ya zama shi ma ana ce masa maigida, amma har abada ba ya wuce ƙofar ubangidansa ranar Salla bai durƙusa ya gaishe shi ba.

Wannan mataki na juya jari ba al'ada ce kurum ba, yana da babi a fiƙihu. Malamanmu na Malikiyya suna kiransa ƙirali, kuma ɗalibin da ya karanta Risala ko Muhtasar a zaure ya wuce ta kansa: mai dukiya ya ba da kuɗi, ma'aikaci ya sa ƙarfinsa da basirarsa, a yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi ko abin da aka yarda, ba wani adadi tsayayye ba, in hasara ta zo ba tare da sakaci ko ƙetare iyaka ba, a kan dukiya take faɗuwa, shi ma'aikaci wahalarsa ce ta tafi a banza, in kuma tafiya ce mai nisa, ci da tufafinsa daga cikin dukiyar za su fito gwargwadon al'ada. Dubi hikimar da ke ciki, jama'a. An ba yaro dalilin yin ƙwazo, tun da ribarsa na bin ƙoƙarinsa, an kuma cire masa tsoron da ke hana sabon hannu motsi, tun da ba za a ɗaure shi saboda abin da kasuwa ta yi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tafi Sham da dukiyar Nana Khadija kafin annabci, tare da yaronta Maisara, kuma labarin gaskiyarsa da Maisara ya kawo shi ne ya ƙara masa daraja a wurinta. A ƙissar Annabi Musa a Madyana ma, sharuɗɗa biyu aka ambata ga wanda za a ɗauka aiki, ƙarfi da amana, kuma har gobe duk wata tantancewa da kamfanoni ke yi, da tambayoyi da gwaje-gwaje da neman shaidar tsohon wurin aiki, a kan waɗannan biyun take kewayawa.

Wanda ya fi kowa nuna abin da wannan tsari zai iya yi in ya sami gwani shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Ankara ta ƙasar Gana da zama. Ya yi almajirci, ya yi fataucin goro, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko maimakon bin doguwar hanyar tudu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, sai ga gyaɗa ta mamaye kasuwa, dalili kuwa shi ne fataken goro irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya kuma Ɗantata, suna da abin da kamfanonin Turawa ba su da shi, wato yara amintattu da za a ba kuɗi da gishiri da tufafi su shiga ƙauyuka, su yi magana da manomi da harshensa, su ba shi bashi tun kafin kaka, su dawo da buhuna. Bature na da jari da sikeli da jirgi, amma bai san wa zai ba fam goma ya tafi Bichi ko Gaya ya dawo ba. Ɗantata ya sani, kuma sanin nan ne ya mai da shi babban mai saye wa kamfanin Neja, daga baya UAC, har aka wayi gari ana lissafa shi a kan gaba cikin attajiran Afirka ta Yamma. Ana ba da labarin cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, a kan raƙuma aka kai kuɗin azurfarsa ajiya. Mutane sun fi son wannan labari na raƙuma, ni kuwa abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan hannuwan da kuɗin nan suka ratsa, daga Kano zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa tasha, suka dawo ba su yi ciwon kai ba.

Sai dai kada son abin gida ya rufe mana ido, domin tsarin nan yana da raunuka, kuma su ne suka kawo mu ga kukan da ake yi yau. Mafi muni shi ne ba a yanka wa'adi. Yaro zai shiga gidan maigida yana ɗan shekara 15, ya yi aure a nan, ya haifi 'ya'ya a nan, furfura ta fito masa ana ce masa yaron Alhaji, kullum ana cewa ana nan ana shiri, har ranar da za a wayi gari Alhaji ya riga mu gidan gaskiya, magada su zo da makulli, shi kuwa ba shi cikin masu gado, ba shi da takarda, ba shi da shaida sai ta Allah. Abin da ake ba shi ma ba a kiransa lada, alheri ake ce masa, alheri kuwa ba a ƙara a kansa. Alhali shari'a ta shardanta a san ladan ijara tun kafin a fara aiki. Yaron da ya ga abin da ya sami na gabansa, me zai hana shi fara yanka wa kansa rabo tun maigida na da rai? Da yawa daga cikin cin amanar da attajirai ke kuka da shi a nan ya samo tushe, ko da yake ba na wanke ɓarawo. 'Yan'uwanmu Ibo, waɗanda muke gani a Sabon Gari, sun fi mu tsari a wannan gaɓa guda: ana kawo yaro gaban iyayensa a faɗi yawan shekarun da zai yi, in sun cika a sallame shi da jari a gaban shaidu, maigidan da ya ƙi kuwa sunansa ya ɓaci har garinsu.

Rauni na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Duk ilimin gidan a kan mutum ɗaya yake: shi ya san wa ake bi, wa ke bin gida, wane yaro ya isa a ba shi Legas, wane ne sai an haɗa shi da wani. Ranar da ya kwanta dama, an binne kundin tare da shi. Sa'an nan a zo rabon gado, wanda farilla ne ba mai jayayya da shi, amma tun da ba a bambanta dukiyar kasuwanci da ta gida ba, sai a raba shago da motoci da bandiran yadi kamar yadda ake raba tufafin mamaci, kowa ya ja nasa, abin da aka shekara 40 ana ginawa ya watse kafin a yi sadakar arba'in. Ku ƙirga gidajen attajiran da kuka sani a garinku shekara 30 da suka wuce, ku ga nawa ne har yanzu alama ke kan ƙofa. Gidan Ɗantata ya tsira daga wannan ne domin kafin rasuwarsa a 1955 ya riga ya mai da harkar kamfani mai suna, ya sa 'ya'yansa a ciki sun koya tun yana kallo, ya kuma yi wasiyya kada a wargaza. Ahmadu ya riƙe, bayansa Aminu ya karɓa, Sanusi kuma ya yi nasa reshen, wanda daga tsatsonsa ne Aliko Ɗangote ya fito, shi ma da jarin da ya samu a gidan kawunnansa ya fara a ƙarshen shekarun 1970.

Ta fuskar hukuma an bi wata hanyar dabam. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horar da malamai ita ce ta fitar da Sardauna da Tafawa Ɓalewa da sauran waɗanda suka riƙe Arewa, Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya kuma, wadda ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta horar da akawuna da ma'aji da alƙalai da jami'an mulki a lokacin da ake gaggawar maye gurbin Turawa. Daga baya aka kafa ƙungiyar ƙwararru kan kula da ma'aikata a 1968, wadda doka ta ba ta hurumi a 1992, aka kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, a 1971, da cibiyar nazarin manufofi ta Kuru a 1979. Ba a rasa makarantu ba ke nan. Abin da na lura da shi kawai shi ne horon shugabanci a wurare da yawa ya koma bitar kwana uku a otal, a ci abinci, a karɓi alawus da jaka da takardar shaida, a koma ofis a ci gaba da yadda aka saba. Jami'o'i ma an wajabta musu darasin koyon kasuwanci, ɗalibi ya haddace ma'anoni ya rubuta a jarrabawa, bai taɓa sayar da ko ƙwayar ashana ba, mai koyar da shi ma sau da yawa haka. Shugabanci da kasuwanci kuwa dangin iyo ne, ba a koyonsu a tudu.

Saboda haka ga samarinmu da 'yan matanmu da suka karanta fannin kula da ma'aikata, ko suke niyyar shiga cikinsa, ina ganin suna neman aiki a inda ya yi ƙaranci, sun bar inda yake jibge. Kowa idonsa na kan banki da kamfanin sadarwa da ƙungiyoyin agaji, alhali ga masu injinan casar shinkafa, ga masu gidajen mai, ga masu motocin dako, ga makarantu da asibitoci masu zaman kansu, ga Alhajin da ke da yara 50 a shaguna 6 ba wanda ya san ranar da kowannensu ya fara aiki. Waɗannan su ne ke bukatar mutumin da ya san cewa dokar ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su cika, wanda ya san cewa a tsarin fansho na 2014 mai ɗaukar ma'aikata na zuba kashi 10 cikin ɗari ma'aikaci kuma kashi 8, wanda ya iya tsara albashi da hutu da ladabtarwa yadda ba za a zalunci kowa ba. Amma wannan sanin kaɗai ba zai shigar da shi zauren Alhaji ba. In ya zo da kwat da Turanci yana faɗa wa dattijon da ya rena mutum ɗari cewa bai iya riƙe mutane ba, za a ba shi ruwa ya sha a raka shi ƙofa. Sai ya zauna ya saurara tukuna, ya gane cewa aiken da ake yi wa sabon yaro tantancewa ce, auren da ake yi masa kuma hanya ce ta riƙe ma'aikaci wadda ta fi kowace irin garaɓasa ƙarfi, sa'an nan ya ce, ranka ya daɗe, abin nan da kake yi da ka, bari mu sa shi a takarda don ya wuce mu.

Kuma kada wani ya ce rubutu tsakanin maigida da yaronsa alamar rashin yarda ce, ko kuwa bidi'ar Nasara. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai aka yi umarnin, waɗanda suka fi mu yarda da juna. Takardar da nake nufi ba ta wuce shafi guda: ranar da yaro ya shigo, abin da zai riƙa samu a wata ko a shekara, shekarun da zai yi kafin a ba shi jari, rabon riba in an kai ga ƙirali, da abin da zai zama haƙƙinsa in mutuwa ta riski maigida kafin wa'adi, wanda a wannan hali bashi ne a kan dukiya, ana fitar da shi kafin a raba gado. Liman da mai unguwa ko shugaban 'yan kasuwar layin su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Ita kuma harkar kanta, dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa, har mutum ɗaya ma yana iya yi wa ƙaramin kamfaninsa rajista ba sai ya nemo abokin tarayya ba. In an yi haka, aka raba asusun kamfani da aljihun maigida, ranar rabon gado sai alƙali ko malamin da ke rabo ya kasafta hannun jari bisa farilla, matar mamaci ta sami sumuninta, 'ya'ya maza da mata kowa ya sami nasa, shago kuwa ya buɗe washegari da yaran da suka san shi, ƙarƙashin wanda aka riga aka horar, ko ɗa ne ko ba ɗa ba. Magajin da ke son kuɗinsa a hannu ya sayar wa 'yan'uwansa da kasonsa a kan ƙimar da masana suka yanka.